Layin Da Na Ƙara Wa Sambo

Babu daular da ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba tare da mai buga takarda ba. Sarakuna su yi magana, alƙalai su yanke hukunci, manya su yi alkawari, duk iska ce har sai wani bawan Allah ya zauna a benci, ya naɗa farar takarda a bakin tafireta, ya sa kwanan wata a kusurwar dama. Na san abin da nake faɗa, domin ni kaina na yi shekara talatin da 'yan kai ina tallafe da wannan ginshiƙi na duniya a gindin wata darbejiya a Tambuwal, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da rake.

Samarin yanzu sukan zo su zauna wurina da wayoyinsu, su dubi tsohuwar tafiretar da na rufe da zane, su ce, "Baba, ai wannan ba sana'a ba ce. Mutum ya faɗa, ka buga. Yanzu ma waya na yi." Ba na musu da su. Nakan dai tambaye su ko wayar ta taɓa duban wuyan mutum kafin ta rubuta masa. Sai su yi dariya, su ɗauka tsufa ne. To, ga bayanin, ga wanda yake da haƙurin ji.

Kayan aikin ba su da yawa. Tafireta ta ƙarfe, mai nauyin ɗan akuya. Ribon, ƙyallen tawada, wanda in ya bushe ake juya shi a ɗiga masa man keke ya ƙara wata guda. Takardar kabon don fitar da kwafi. Tsohon buroshin haƙori da kananzir, da allura ta tono tawada daga cikin haruffa. Tawadar dangwale, domin yawancin masu zuwa da babban yatsa suke sa hannu. Sai ƙamus na Turanci da ya rasa bangonsa, ya fara daga harafi na biyu, abin da ya sa na jima ina zargin duk kalmar da ta fara da na farko. Kuma kowace tafireta tana da nata tabo. Tawa harafin "e" ne yake ɗan tsalle sama da 'yan'uwansa. Duk akawun da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, in ya ga takardata, ko ban sa suna ba ya san daga gindin darbejiya ta fito. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Na koyi aikin a hannun Malam Sule, tsohon akawun En'e, bayan na bar koyarwa a firamare. Na zo masa da Turancina a goge, ina jin zan fara bugawa ranar. Shekara guda bai bar ni na taɓa maɓalli ba. Aikina shi ne in zauna in saurara, in mutum ya tafi ya tambaye ni, "To Tica, mi wanga mutum ka so?" In ce, takardar neman aiki ga ɗansa. Ya ce, "A'a. So shikai maƙwabcinai ya gan shi riƙe da ambulan." A wurinsa na koyi cewa wanda ya zo da murmushi yana ɓoye rabin maganar, wanda ya zo da kuka ya ƙara mata rabi, wanda ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko shi kuwa, a bari sai ɗan'uwan ya zo da yatsansa. Dokarsa babba ɗaya ce, yakan maimaita ta yana goro: "Abin da mutum yac ce, shi ɗai aka bugawa. In ka gama, ka karanta mai da Hausa, layi-layi, kahin ya dangwala. Yatsanai na, ba naka ba."

Malam Sule yana da wata magana ta Turanci da yake ji da ita kamar yadda wasu ke ji da doki. Ita ce preying on my mind. Ya koya mini ita da rana tsaka, da ƙamus a buɗe, kamar yana ba ni laƙani. Kalmar farkon, in ji shi, ta namun daji ce, abin da shaho yake yi wa ɗan tsako, ko kura wa akuya. Bature ya ɗauko ta ya ɗora wa damuwa. Ba damuwar da ke zuwa ta wuce ba ce, irin ta wanda takalminsa ya tsinke a kasuwa. Damuwa ce da ta san gidanka, take dawowa kullum ta yagi kaɗan ta tafi, gobe ta dawo. Na ce, ai mu ma muna da ita, abin da muke cewa yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ya ce, "Taka tuwo ta ka ci, Tica. Tasu mutum ta ka ci." Sannan ya gargaɗe ni: "Kak ka sa ta ga kowa. Sai wanda kag ga rama ta hito mai ga wuya. Jami'i in ya gan ta, ya san mai takarda ya kai bango." Duk zamana da shi sau biyu na ga ya buga ta. Ɗaya ga wata tsohuwa da aka ce ɗanta ya ɓace a kudu.

Ya rasu ya bar mini tafireta, da ƙamus, da wannan magana. Shekara tara ina riƙe da ita ban sami wuyan da ya cancanta ba. Mutanenmu, Allah ya yi musu albarka, ko suna cikin bala'i wuyansu ba ya nunawa.

Takardar Sambo ta zo ne a ƙarshen wata damina, ranar kasuwar Kebbe. A lokacin nakan ɗaura tafireta a bayan ɗan kabu-kabu in je can in kafa tebur, in dawo da yamma da ƙugu a kwance saboda hanya. Sambo Bafulatani ne, dogo, mai ƙarancin magana, rugarsu tana wajen Fakku. Wani manomi, Alu, ya ja shingen ƙaya ya cinye burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya. Sambo ya tsuguna gaban teburina, ya jingine sandarsa.

Na ce, "Sambo, ina shanu?"

"Suna gaisuwa, Malam."

"Me za a rubuta?"

"Ka ce masu, shanu na son ruwa. Alu ya rufe hanya. A buɗe."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Na dube shi da kyau, kamar yadda aka koya mini. Na ce, "Abin ya dame ka ƙwarai ko?"

Ya yi ɗan tunani, don mutum ne da ba ya son ƙarya. Ya ce, "Ni? A'a. Shanu dai."

Na buga. Da adireshi, da gaisuwa, da komai, maganar ta tsaya a layi uku. Ku da ba ku san aikin ba, ba za ku gane ciwon wannan ba. Takarda mai layi uku a tsakiyar farin shafi kamar mutum ne ya je gaban manya da 'yar shara. Na dubi filin da ya rage. Na dubi wuyan Sambo, wanda dama can siriri ne, irin na danginsa. Na ce a raina, ai wannan ma rama ce. Sai na ƙara layi na huɗu: cewa wannan al'amari na Alu ya daɗe yana cin zuciyata ba dare ba rana, da waccan magana ta Malam Sule a tsakiya, ta zauna daram kamar an gina shafin dominta.

Da na zo karanta masa da Hausa, na karanta layi uku. Ya miƙo yatsa ya nuna na huɗun, don makiyayi ko bai iya karatu ba ya iya ƙirga. "Wannan fa?"

Na ce, "Gaisuwa ce ta Turawa."

Ya dangwala. Na naɗe takardar, na sa a ambulan, na lashi bakin na manne, na buga a bayansa sunan ofishin da za ta, wanda ba zan faɗa ba. Kwafin kabon na jefa a akwatina kamar kullum. Ya soka ambulan a aljihu ya tafi.

Bayan mako uku, ɗan kabu-kabun da ke kai ni Kebbe ya juyo da kai muna cikin tafiya ya ce, "Malam, ka ji an ƙone ma Alu na Fakku gero? Dammunan duk da ya tara bakin gona."

Na ce, "Wa ya ƙone?"

"Cewa akai Filani na. Wa ya sani? Sambo dai ya tashi da shanunai, sun yi kudu."

Sauran hanyar ban ji ramukanta ba. Lissafi nake yi, irin wanda duk mai wannan sana'a zai yi. Akwai takarda a wani fayil a wani ofis, da yatsan Sambo a ƙasanta, da take cewa maganar Alu ta daɗe tana cin zuciyarsa. Ranar da aka kama shi, wani zai zaro ta. Tafinta zai miƙe ya fassara wa alƙali. Alƙali kuwa, in yana da hankali, tambaya ɗaya zai yi: "To, da ta gama cin zuciyarka, sai ka yi me?" Mutumin da ya ce shanu na son ruwa mai koke ne. Mutumin da ya ce abu na cin zuciyarsa mai ƙullata ne. Tsakanin biyun akwai shekarun gidan yari, da garke da za a watsa, da ruga da ba za ta sake zama a ƙasar Fakku ba. Sambo zai rantse bai faɗa ba, kuma gaskiyarsa. Sai a dubi harafin "e" yana tsalle.

Abu na farko da na yi shi ne zuwa ofishin. Ba a shiga irin wannan wuri a ce a ba ni takardar da na buga in gyara. Ta masinja ake bi. Nasu wani dattijo ne, Ɗantani, da ya shekara ashirin a kan benci ɗaya, ya san kowace takarda da ƙamshinta. Na kai masa goro, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Na ce, "Baba Ɗantani, wata takarda ta wani Bafulatani, ko ta iso?"

"Wace takarda?"

"Ta burtali. Wajen Fakku."

Ya daina tauna. "Fakku inda ankai gobara? Mi ac cikinta?"

"Ba komai. Layi uku ce. Huɗu."

"Uku ko fuɗu?"

"Huɗu."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Ba mu gan ta ba."

Na fito na san an gama. A iya sanina, in masinja ya ce takarda tana nan, to tana ƙarƙashin tire ɗin shayi, ba mai taɓa ta har a yi ritaya. In ya ce bai gan ta ba, ta wuce sama. Ga shi kuma yanzu na sanar da shi da bakina cewa akwai wani layi da ake taƙaddama a kansa. Na koma sau biyar cikin wata biyu, kowane zuwa da goro, kowane zuwa amsa ɗaya, kuma kowane zuwa wani ya gan ni.

Sai na ce bari in je Fakku in ji da kunnena. Nan na yi kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Mai tafireta ba ya shiga ƙauye haka kawai. In an gan shi, kowa ya san ƙara ta iso, kamar yadda ake ganin ungulu a fara ƙirga awaki. Ina sauka daga babur hira ta mutu a ƙofar masallaci. Wani tsoho ya tare ni.

"Malam, lafiya? Wa yak kai ƙara?"

"Ba kowa, Baba. Kaji nake nema."

"Mai tafireta da sayen kaji tun daga Tambuwal hal Fakku? Kajinku sun ƙare?"

"An ce naku sun fi ƙiba. Ashe kun yi gobara? Allah ya kiyaye gaba."

"Amin."

"Me ya jawo ta?"

"Wuta."

Na bi mutum huɗu, duk amsar ke nan. Alu da kansa ya hango ni ya shige gida. Na dawo Tambuwal da kaji biyu a rataye a babur da tabbacin cewa gari guda ya haɗa baki, ana jiran Sambo ya dawo a damƙe shi. Waya ba ta kai ruga ba a lokacin. Makiyayi in ya yi kudu, sai ruwan sama ya dawo da shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ba fari ne ya kawo ta ba. Kwafin nan na kabon na zaro shi daga akwati ban san adadi ba. In na ƙone shi, na nuna ina da abin ɓoyewa. In na bar shi, shaida ce. Na mai da shi cikin ƙamus, na mai da shi ƙarƙashin tafireta, na mai da shi akwati. Aikina ya canja. Duk wanda ya zauna gabana sai na yi masa tambayar ɗan sanda: wa ya aiko ka, wa ya ce ka zo wurina, me ya sa ba ka je wurin wani ba? Wani ya zo neman takardar canjin makaranta ga 'yarsa, na ga yana kallon haruffan tafiretar, na rufe ta da zane na ce ta lalace. Ashe gilashinsa ya manta a gida. Nakan karanta wa mutum takardarsa sau uku, har ya ce, "Malam, na ji, rana na yi." Na daina sa ko da kalmar ado guda. Takarduna suka koma kamar ƙashi.

Mutane kuma ba makafi ba ne. An ga Malam yana zarya ofis yana ba masinja goro. An ga Malam a Fakku yana tambaye-tambaye. An ga Malam yana titsiye masu zuwa. Mai rake, maƙwabcina na shekara goma sha, ya fara yin shiru in na matso. Magana ta zaga cewa abin da aka faɗa a gindin darbejiya yana kwana a kunnen hukuma. A daidai lokacin wani yaro ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha. Mutane na cewa kwamfuta ce ta kashe mu. Ni dai ba ta sha wahala a kaina ba, a kwance ta same ni. Akwai makon da ban naɗa takarda ko ɗaya ba. Kafin azumi na kai riguna biyu wurin tela ya rage musu wuya. Yana awo yana cewa, "Malam, ko dai a duba ka asibiti?" Da Malam Sule na da rai, da ya dubi wuyan ya ce ga wanda ya cancanta.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ɗan kabu-kabu ya ce mini an ga shanun Sambo. Washegari da hantsi na tafi, kafin wani ya riga ni. Na yi niyyar in gaya masa komai, in ce ya ja ni gaban duk wanda ya kira shi in faɗi cewa layin nawa ne. Na san in na yi haka sana'ar ta ƙare, don ba mai sake ba ni yatsansa. Na dai ga abin da ya rage na sana'ar bai kai darajar garke ba.

Na same shi a gindin wata ƙirya yana murza igiya, ba ankwa, ba ɗan sanda. Aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono. Na ce, "Sambo, na zo da magana mai nauyi. Takardar nan ta bara. Layin da na ce maka gaisuwa ce, ba gaisuwa ba ce." Na fassara masa shi, da shahon da kurar da komai. Na gaya masa abin da alƙali zai yi da shi saboda geron Alu.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Geron Alu? Ai ƙanenai na ya ƙone shi. Gafiya ta shiga ƙarƙashin dammuna, ya sa mata hayaƙi. Kahin la'asar duk Fakku an sani."

"Duk Fakku? Na je har can, ba wanda ya gaya mini!"

"Kai fa mai tafireta na, Malam. Wa ka gaya maka magana? Cewa sunka yi Alu zai kai ƙanenai ƙara, kai kaz zo ɗaukar bayani."

"To kai me ya sa ka gudu?"

"Gudu? Rani na. Kullum muna tashi."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, ko ba komai takardar tana ofis, da yatsansa, da maganar da bai faɗa ba, kuma fayil ba ya mutuwa. Wata rana wani abin zai faru a zaro ta.

Ya tashi ya shiga bukka, ya fito da wata 'yar jakar fata mai igiya, irin wadda ake sa laya. Ya kwance ta a hankali. Ambulan ɗina ne, ya yi laushi, ya sha gumi, ga rubutun adireshin da "e" ɗinsa na tsalle.

Ya ce, "Daga wurinka na biya ta gonar Alu. Na ɗaga mai ita daga nesa, na ce ga takarda da Turanci, gobe za ta ohis. Kahin magariba ya janye ƙayar da hannunai. To mi za ni kai ta yi kuma? In na ba su, ta zama tasu."

Na ce ya ba ni in sake buga masa wata mai layi uku, wadda ba ƙarya a ciki, kyauta.

Ya mai da ta cikin jaka ya ɗaure. "A'a, Malam. Wagga tana aiki. Can kudu ma ta buɗe muna hanya biyu."

Saboda haka, samari, in wayarku ta rubuta muku takarda, ku ƙirga layukan, ku tambaye ta na huɗun. Masu zuwa wurina ba su dawo duka ba. Mai rake ya shekara kafin ya sake yi mini gulma. Baba Ɗantani ya rasu yana zargina da wani abu da bai taɓa gano ko mene ne ba, alhali shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya, sau shida.

Sambo ma ya rasu, shekara huɗu ke nan. Jakar tana wuyan babban ɗansa. Na gan ta bara a kasuwar Kebbe, na roƙa ya nuna mini. Bakin ambulan yana nan a manne yadda na lashe shi. Duk duniya, ni kaɗai na taɓa karanta takardar nan.